Mai Wankan Gawa a Ajin Jami'a

Shekara talatin da ɗaya ina wanke matan Aboabo,
ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi.
Sai ga Mardiya, jikar ƙanwata, da takarda:
"Goggo Lantana, ana nemanki a jami'a."
Na ce, ni? Wa ya rasu a can?

Ranar Talata muka hau turoturo.
Na ƙulle buta da sabulu a zane,
ban iya zuwa wuri hannu rabbana ba.

Ɗakin da sanyi kamar cikin randa,
kujeru a kewaye, babu gaba, babu baya.
Ga likita, Frimpomaa, furfura a goshi.
Ga Sarfo, yaro mai lissafi,
yana zana cuta a allo kamar tudu,
ta hau, ta hau, ta gangaro.
Ga mai bin jemagun da ke reto
a itatuwan kusa da Kejetia,
yana ƙirga su kamar mai bin bashi.
Ga lauya, ga mai magana a rediyo,
ga mahauci da ya taho daga mayanka
da warin sana'arsa, bai ba kowa haƙuri ba.

Suka ce, mu ɗauka annoba ta sauka a Kumasi.
Ba ta zo ba, amma mu yi kamar ta zo.
Na ce a raina, a'uzubillahi,
wa ke shimfiɗa wa masifa tabarma?
Sai na tuna mai gyaran rufi:
da rana yake hawa, ba ya jiran hadari.

Sarfo ya ce lissafi ya nuna
in ba a taɓa gawa, tudun zai kwanta.
Ya rubuta a allo: A hana.

Na miƙe, gwiwata ta yi ƙara.
Mardiya na juya maganata da Turanci.
Na ce, ɗana, ka taɓa kallon idon uwa
ka ce mata ba za a wanke 'yarta ba?
Bayan labule za ta ɓoye ta,
a yi wankan da tsakar dare da fitilar waya,
hannu shida inda biyu sun isa,
lissafinka kuwa yana barci, bai ji ba.

Ɗakin ya yi tsit.
Mahauci ne kaɗai ya gyaɗa kai.

Likita ta ce, nuna mana.
Aka kawo mutum-mutumin roba
da ɗalibai ke koyon allura a jikinsa.
Na rufa masa zane, ko roba ce tana da sutura.
Na yi bisimilla, na fara da dama.
Nan, in ji Frimpomaa, safar hannu biyu.
Nan, a zuba a hankali kada ya fantsama.
Wata siririyar yarinya mai karatun magudanar ruwa
ta ɗaga hannu: Goggo, ruwan wankan, ina yake zuwa?
Na ce, kwata.
Kwatar fa?
Na buɗe baki, na rufe.
Kwatar tana bi ta bayan makarantar yara,
inda suke tsallake ta ba takalmi.
Shekara talatin da ɗaya,
ban taɓa raka ruwan nan da ido ba.

Kafin la'asar Sarfo ya goge allonsa da tafin hannu.
Ya zo ya durƙusa, alli har a gira:
Ku nawa ne masu wannan aikin a unguwa?
Na lanƙwasa yatsu: Tasalla, Adiza mai kenke,
Gambo ta bakin masallaci, ni,
har sha ɗaya, biyu ido ya fara gajiya.
Ya rubuta mu, suna bayan suna,
a inda dā ya sa sifili.

Daren Alhamis aka buga ƙofa,
tsohuwar gidan Baba Seidu ta cika, tsufa ne kawai.
Na ɗauki buta, na ɗauki safar da suka ba ni.
A tsakar gida na ce wa samari,
kafin ku tafi maƙabarta,
ku fara haƙa mini ƙaramin rami nan, na ruwa.
Suka dubi juna.
Na ce, ku haƙa, daga baya na faɗa muku.